Mutumin da Ya Yi Mana Katanga a Ɗawafi

Tun ranar da maigidana ya ce da ni za a tafi Umara, abu ɗaya ya tsaya min a rai, cunkoso. 'Yata ba ta cika shekara biyu ba, ba a yaye ta ba, babu wanda zan bar wa ita. Duk hoton Harami da aka nuna min a waya, mutane Ka'aba suke kallo, ni kuwa ƙafafu nake hange. Idan zanen goyo ya kwance a cikin wannan taron, wa zai iya sunkuyawa?

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda ƙafa ta hana ta doguwar tafiya. A jirgi ban runtsa ba. Gajimare na ƙarƙashinmu kamar audugar da aka shanya aka manta da ita. Daga Jidda zuwa Makka titi ne sumul, babu rami ko ɗaya, har yarinyar ta ƙi barci don ta saba da jijjigar gargada. Duwatsu baƙaƙe hagu da dama, ko bishiyar da akuya za ta raɓa ban gani ba.

A Misfala aka sauke mu, unguwar da ba ta rabuwa da sautin silifa. A benen Harami muka yi Umararmu saboda keken da ake tura surukata a kai. Daga can na leƙa ƙasa, na ga fararen kaya suna juyawa a hankali kamar nono a ƙwarya ana damawa, Ka'aba a tsakiya. Raina ya so in sauka in matsa kusa ko sau ɗaya ne kafin mu koma gida. Ƙafata ta ƙi. Kullum in zo bakin matakala, in taɓa bayan yarinyar, in koma.

Shinkafa da kaza suka gundure mu, sai aka kwatanta mana unguwar Mansur, inda Hausawa suke. A can muka sami wata Hajiya mai tuwo da miyar kuka, ta daɗe a Makka har Hausarta ta jiƙe da Larabci. Tuwon da daɗi, amma in ka juya kuɗinsa zuwa naira sai ka riƙa tauna shi duk da ba a tauna tuwo. A kusurwar ɗakin wani mutum na zaune. Da farko na ɗauka mutum biyu ne. Wuyansa ya kai cinyata, cokali ya ɓace a hannunsa.

Hajiya ta ce ɗan ƙanwarta ne, a Amurka aka haife shi. Ya yi shekaru yana sana'ar ƙwallon can, irin mai siffar gwanda, wadda ake sa hular kwano a buga. Yanzu ya bari, gwiwoyinsa duk ɗinki ne, a kan kujera yake salla. Ya zo ne ya yi wa mahaifiyarsa marigayiya Umara.

Maigidana ya tambaye shi ƙwallo nawa ya ci. Ya yi dariya, da Hausarsa irin ta mai koyo ya ce, "Ni? Ko taɓa ta ba na yi. Aikina in tsaya." Wai su biyar ne ke jeruwa, a bayansu akwai wani siriri mai jefa ƙwallo, su ne ke hana a kai gare shi. In an yi nasara siririn ake nunawa a talabijin. Shi ba a ambaton lambar rigarsa sai in ya yi laifi, kamar ya riƙe rigar wani.

Surukata ta ce, "To ɗan nan, gadi ka yi ke nan."

"Gadi ne, Baba," in ji shi.

Da Hajiya ta ji ban taɓa sauka ƙasa ba, sai ta tafa hannu. "Haram alaiki! Ki zo Makka ki koma da kallon bene? Zahama, wato cunkoso, ba a rasa ta, amma gobe da hantsi tare za mu shiga, yalla."

Haka aka yi. Hajiya a gaba, ni da goyo a tsakiya, shi a baya cikin haraminsa, yana takawa a hankali. Zagayen farko lafiya. Muna cikin na uku, daidai kusurwar Hajarul Aswadi, sai ga wata tawaga ta sarƙe hannu ta yanko daga dama, tana neman dutsen. Na ji an matse ni, ƙafafuna sun bar ƙasa, yarinyar ta tsandara ihu, ƙullin zanen ya fara zamewa. Ko salati na kasa.

Sai haske ya ragu a gefena. Mutumin nan ne ya shiga tsakaninmu da su. Ya juya wa Ka'aba baya ya fuskance su, ya ɗan rage tsawo, ya buɗe tafukan hannunsa a gaban ƙirji, yana jan ƙafa gefe-gefe. Bai ture kowa ba, bai riƙe mayafin kowa ba. Suna zuwa su daki jikinsa su rabu biyu kamar ruwa ya sami dutse.

Hajiya ta waiga ta ce, "Ya waladi, ka juya! Ɗawafinka na lalacewa, Ka'aba a hagu ake barin ta!"

Ya ce, "Na sani, Inna. Ku tafi."

A haka ya raka mu har muka cika bakwai. A bayansa wani ɗan fili ya buɗe da bai fi tabarma ba, a ciki na gyara goyona. Ban san yadda zan faɗa muku ba. Hayaniyar ta koma nesa kamar ana yin ta a wani gari. Na ji sanyin marmara a tafin ƙafata, na ji ƙamshin turare daga rigar Ka'aba, na ga zaren zinare da idona, na ga tsuntsaye na kewayawa a sama. Yarinyar ta yi shiru, ta zaro hannu tana nuna Ɗakin. Addu'o'in da na haddace duk suka gudu, sunan 'yata kawai nake ta maimaitawa.

Da muka fito gefe, zufa ta jiƙe haraminsa. Na ce ya zauna ya huta. Ya ce a'a, ɗawafin mahaifiyarsa bai yiwu ba tukuna. Ya sha zamzam, ya koma cikin taron ya faro daga farko, yana ɗingishi. Na daɗe ina hango kansa sama da na kowa, har juyawar ta tafi da shi.

Mun dawo gida lafiya da dabino da jarkar zamzam. 'Yan sannu da zuwa na tambayata game da manyan benaye da ƙaton agogon Makka, ina ba su labari. Abin da na koyo dai shi ne, in ka ga hanya ta buɗe maka a tsakiyar matsi, ka waiga, wataƙila wani ne ya tsaya yana shan dukan.

Kunya ta hana ni tambayar sunansa. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, in ya ɗaga hannu bayan salla, ya roƙa wa bawan Allahn nan sauƙin gwiwoyinsa, ya sa da mahaifiyarsa a ciki.