Neman Wanda Ya Tare Ruwan Shinkafar Yaya

Shekarar da na sayi jirgi mara matuƙi, wanda wasu ke kira kurman jirgi, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Talata Mafara. Na gaya wa mutanen gida cewa don ɗalibai na saye shi, su ga garinsu daga sama. Ɗaliban sun gan shi sau ɗaya. Sauran lokacin ni kaɗai nake fita bayan gari ina ɗaukar hoton rufin kwanon mutane da awakin da ke kiwo a kan bola, ina jin kaina kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

Gidanmu gidan malamai ne. Yayana shi ya gaji zauren mahaifinmu, yana ba da karatun littattafai bayan asuba da bayan la'asar. Da rani kuma yana noman shinkafa a wata gona mai shan ruwan dam ɗin Bakolori, can wajen hanyar Bakura. Ranar da ya fara ganin jirgin ya juya shi sama da ƙasa, ya tambaye ni ko yana huɗa. Na ce a'a. Ko yana korar tsuntsu? Na ce ba aikinsa ba ne. Ya miƙo mini, ya ce, "To, Allah shi sa albarka," da irin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya.

Gonar tasa tana ƙarshen wani ƙaramin kanal, sai kowa ya sha ruwan kafin ya iso gare shi. A wancan ranin ruwan ya fara zuwa kamar ana ɗiga shi da cokali, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Shinkafa ta soma ja. Yaya, wanda da bakinsa yake karantar da mutane illar zato, ya zauna a zaure ya lissafo mini mutum huɗu da ke da gonaki a sama, kusan kilomita uku daga tasa, har da dalilin da ya sa kowannensu zai aikata.

"Su ne sunka tare ruwan da buhunan yashi," in ji shi. "Ba shakka a ciki."

Na ce to ya je ya gani mana. Ya ce hanyar gefen kanal tana ratsa wani sunƙuru da mutane suka daina bi tun da aka fara ɗauke manoma, kuma bai kamata malami ya zagaya ta titi ya faɗa gonar mutane yana leƙe-leƙe ba hujja ba. Ya gyara zama, sannan ya ce, "Wanga abin wasa naka, yana iya zuwa ya gano muna?"

Na ce, "Yaya, ai don irin wannan aka ƙera shi."

Ƙarya na yi. Jirgin nawa in ya wuce kilomita ɗaya da 'yan kai, hoton da ke zuwa wayata sai ya daskare, rimot ya yi ta ƙara, shi kuma ya juyo gida da kansa kamar jakin da ya gaji da mai shi. Amma karo na farko ke nan da Yaya ya nemi wani abu a wajena wanda ba aron babur ba, ba zan ce masa ban iya ba.

Kwana huɗu na yi ina kallon bidiyon mutanen da suka ƙara wa jiragensu nisan zango. Na yanka gwangwanin madara, na lanƙwasa shi a bayan eriyar rimot don ya tattara siginal gaba. Ya ƙara mini kamar taku ɗari biyu. Na ga ƙila gwangwanin ne ya yi ƙanƙanta, na ɗauko murfin sabuwar tukunyar maiɗakina na huda shi. Wannan bai ƙara ko taku ɗaya ba, sai dai ya rage mini nama a miya har na mako guda. Daga nan na ɗaura wa jirgin batir na biyu da roba. Ya tashi da ƙyar kamar agwagwar da ta ƙoshi, ya yi layi, ya je ya zauna a cikin albasar wani bawan Allah.

A kan katangar gidanmu nake tsaye da rana tsaka, na ɗaga rimot da gwangwaninsa sama, sai na ji murya daga ƙasa.

"Malam, wata kake nema da azahar?"

Maƙwabcinmu ne, wani Kirista ɗan kudancin Kaduna da aikin auna ƙasa ya kawo Mafara tun ina yaro, har ya yi ritaya bai koma ba. Kowa Safiyo yake ce masa. Na sauko na yi masa bayani, ina ta jefa manyan kalmomi don kada ya raina ni. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wato kai so kake ka riƙa ƙwala masa kira daga nan har can. Me zai hana ka gaya masa hanyar tun kafin ya tashi?"

Na ce na san da wannan, ina dai gwada wata dabara ce tukuna. Ban sani ba. A cikin manhajar da ke wayata akwai wurin da ake zana wa jirgin hanya, shekara guda ina tsallake shi saboda rubutun ya yi yawa.

Da la'asar ya zo da wata tsohuwar taswirar magudanan ruwa da ta yi ja don tsufa, muka shimfiɗa ta kusa da hoton tauraron ɗan'adam da ke wayar. Duk inda kanal ya karya kwana sai ya ce in ɗiga alama. Ya sa na saita tsayin tafiyar ya wuce giginya mafi tsawo da wayoyin lantarki, jirgin kuma ya riƙa ɗaukar hoto da kansa bayan kowane 'yan daƙiƙoƙi, ko siginal ya yanke ya ci gaba har ya gama ya dawo. Ya juya bayan wata takardar waƙoƙin cocinsu ya yi lissafin batir a kai: mu tashi da sassafe kafin iska ta yi ƙarfi, kuma lallai jirgin ya juyo da fiye da rabin cajinsa. Gwangwanin kuwa, ya ce in bar shi in yana faranta mini rai, amma batir na biyu in cire.

Na kawo shawara, a matsayina na mai jirgi, cewa kada a ɓata hoto a farkon tafiya, a bari sai an kai gonakin waɗanda ake zargi.

Ya ce, "Malam, mai awo daga inda ƙafarsa take yake farawa."

Na bar shi don girman furfurarsa.

Abu na ƙarshe da ya dage a kai shi ne a sanar da mai gari da 'yan sa-kai. Ya ce a ƙasar nan yanzu duk abin da ya yi ƙugi a sama, wasu gudu za su yi, wasu kuma harbi. Gaskiya ya faɗa. Sai dai sanar da mai gari daidai yake da yin shela a kasuwa. Da muka isa gonar Yaya tun hantsi bai ɗaga ba, mutane sun fi talatin a kan kunya, cikinsu har da biyu daga cikin huɗun da ake zargi. Suka durƙusa suka gaida Yaya, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ɗalibai, yaya haƙuri da rashin ruwa. Yaya ya amsa duka ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kamar ta alƙalin da ya riga ya rubuta hukunci.

Na danna. Jirgin ya tashi, ya daidaita, ya miƙe bisa kanal ba tare da na taɓa komai ba. Da ya kai inda ya saba, hoto ya daskare, rimot ya fara kukansa, amma wannan karon bai juyo ba. Ya zama ɗigo, ɗigon ya ɓace. Na ci gaba da riƙe rimot ɗin ina ɗan motsa kafaɗa kamar ina tuƙi, don kada jama'a su gane cewa ni da su duk ɗaya muke.

Wani ya ce, "Ya ɓace ko?"

Na ce, "Yana aiki."

Gumi ya jiƙa mini riga. Yaya yana jan carbi da sauri. Safiyo kuwa ya samu inuwa ya zauna yana shan rake, lokaci-lokaci ya dubi agogonsa. Can ya tofar da ɓawo ya ce, "Ku saurara." Sai ga ƙugin yana tahowa. Jirgin ya zo daidai kanmu, ya sauko a kan buhun da na shimfiɗa masa ya tashi daga kai. Mutane suka yi kabbara, ni kuma na karɓi yabon duka ban rage wa kowa ba.

Muka koma gindin mangwaro, na zare katin hotunan na sa a kwamfuta. Yaya ya ce a fara da na can sama. Na buɗe. Kanal cike da ruwa yana sheƙi, ba buhu ko ɗaya, har ana ganin wata mata tana wanki. Yaya ya ce ai tun da sun ji labari sun kwashe. Ɗaya daga cikin mutanen biyu ya ce, "Allah shi ba Malam haƙuri." Muka riƙa dawowa baya hoto bayan hoto. Ruwa a gonakinsu, ruwa a ƙasa da su, ruwa a cikin sunƙurun da kowa ke tsoro, inda ba komai sai balbelu. Har muka iso hoto na shida daga farko.

A nan kanal ɗin ya ɓace cikin ciyawar kacala da laka. Gefensa ɗaya ya zabge, ruwan yana malala cikin wani kwari yana shayar da kwaɗi. Mutumin nan da ya ba Yaya haƙuri ya matso, ya sa yatsa a gefen hoton, ya ce cikin ladabi, "Malam, wagga bukka mai shuɗiyar leda, kamar na santa."

Kowa ya waiga. Bukkar tana bayanmu, da ledarta. Tsakaninta da wurin da ruwan ya tsaya bai fi taku ɗari uku ba, wata gonar rake ce kawai ta kare shi. Yaya kullum ta titi yake shigowa, kuma tun da ya riga ya san masu laifi, bai ga dalilin zagaya rake ba.

Ƙa'idar manoman wurin ita ce kafin a saki ruwa kowane gida ya yashe yankin kanal da ke kusa da shi. Wannan yankin namu ne. Yaya ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya juyo gare ni a hankali.

"Wa anka ba yashe wurin nan bana?"

Ni aka ba. Yaya ya yi tafiyar ta'aziyya Maradun a makon, ya bar mini saƙo. Na tuna ranar sarai, domin ita ce ranar da na samu hoton faɗuwar rana mafi kyau a kan dam.

Ba wanda ya yi dariya a gaban Yaya. Sun adana ta sai da suka koma gida, kuma na ji labarin ta kai har Morai. Mutanen biyu suka aika aka kawo shebur da lauje, suka tuɓe riguna suka shiga lakar tare da mu. Kwana biyu muna yanka kacala muna toshe ɓarakar. Matsattsaku suka sha jinina yadda suka ga dama, hannuna na alli ya yi bororo. Safiyo yana bakin kanal da lema yana nuna mini inda ban haƙa da kyau ba. Ranar ta biyu da yamma ruwa ya shiga gonar. Wajen rabin shinkafar ta farfaɗo.

Ranar Juma'a Yaya ya ce in fito da babur. Muka zagaya ta titi, gida huɗu, har da biyun da ba su ma san an zarge su ba. A kowane zaure ya zauna ya faɗi abin da ya zata da bakinsa, ya nemi gafara. Ɗayansu, wani tsoho, ya rikice, ya shiga gida ya kamo mana zabuwa. A hanyar dawowa ni ke tuƙi, Yaya na riƙe da zabuwar.

Bayan kwana biyu Inna, mahaifiyarmu, ta aiko a kira ni da kwamfutar. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ta sa na nuna mata hotunan tun daga farko har ƙarshe, tana matso da fuska saboda idonta ya yi rauni. Ita 'yar Gidan Goga ce, aure ya kawo ta Mafara, kuma ta yi shekaru ba ta taka can ba saboda halin da hanya take ciki. 'Yan uwanta ma yawanci sun watse.

Ta ce, "In ka zana mai hanya, yana kai Gidan Goga?"

Na ce, "Inna, ba ya kaiwa. Ko kusa."

"Ko an ƙara mai gwangwani?"

"Ko an ƙara."

Ta ce ba komai, so take dai ta ga ko rijiyar gidansu tana nan. Sai na buɗe mata taswirar tauraron ɗan'adam a waya, na nemo garin, na gaya mata hoton tsoho ne, ban san shekarar da aka ɗauke shi ba. Ta ce in ƙara girmansa. Na ƙara har ya dushe, gidajen suka zama tabo-tabo. Ta ɗora yatsa a kan wani baƙin ɗigo ta ce wannan tsamiyar ƙofar gidansu ce, rijiyar tana gabas da ita kaɗan. Ni ban ga tsamiya ba, ban ga rijiya ba. Na ce mata e, ga ta nan. Ta riƙe wayar har hasken wayar ya mutu, ta miƙo mini ta ce in sake kunna mata.