Karatun da Lado Ya Ɗauka Dankali Ne

Malam Lado direba ne a kamfanin da nake aikin akawu, a Umm Salal, kusa da Doha. Doguwar motar ma'aikata yake tuƙawa. Da safe ya kwashe su daga masauki ya kai su wurin gini a Al Rayyan, da yamma ya maido su. Mutumin wani ƙauye ne a gabashin Gusau, dogo, mai magana a hankali, ya ba hamsin baya. Iyalinsa suna Jos, inda ya yi tuƙin babbar mota kafin ya zo Doha. Ɗaki ɗaya suke kwana da wani mai gadi, Bawah, ɗan Zongon Kumasi, a Fereej Abdel Aziz.

Babbar 'yarsa, Raliya, ta gama jami'a a Jos. Ta kira shi ta ce ta samu gurbin ƙaro karatu kyauta a ƙasar waje, kuma a kan tsohon Airish za ta yi. Lado bai yi mamaki ba. Ya yi shekaru yana ɗauko arish daga Bokkos zuwa Kano, kuma a bakin duk wanda ya zauna Jos, arish dankalin Turawa ne. Abin da ya fahimta shi ne za ta koyo yadda ake adana dankali kada ya ruɓe in ya daɗe. Ya ga hikimar abin, don ya sha zubar da buhunan da suka lalace a hanya. Ya gaya wa kowa, har Bawah ya fara kiransa Sarkin Dankali.

Saura abu ɗaya. Ikilima, mahaifiyar Raliya, ta ce ba za a ɗaure ko jaka ba sai uban ya ce "ki je" da bakinsa, makarantar kuma tana jiran amsa kafin wata ya ƙare. Lado ya zo ofishina lokacin hutun rana, ya miƙo mini wayarsa in karanta masa bayanin makarantar, wanda yake da Turanci. Na karanta daga sama har ƙasa, na sake.

"Akawu, wane irin dankali ne?"

"Malam Lado, babu dankali a nan."

"Duba ƙasa."

"Na duba. Harshe ne. Tsohon harshen mutanen wata ƙasa, Ailan, kusa da Ingila."

"Su wa ke jin sa?"

"Kamar dai babu kowa yanzu. Jikokinsu ma sai sun koya a makaranta."

Ya dubi na'urar sanyaya ɗaki. "To da wa za ta yi magana?"

Sai muka kira Raliya. Ta gaishe mu da ladabi, ta yi bayani a tsanake. Wata malamarsu a Jos ce ta fara nuna mata abin. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malaman addinin Kirista na tsibirin Ailan suna rubutu a kan fatar maraƙi. Littattafansu na addini da harshen Latin suke, sai su riƙa fassara kalmomi masu wuya da harshensu a gefen shafi.

"Kamar yadda ake yi wa littafin fiƙihu ajami a gefe, Baba."

Wannan ya shige shi, don kakansa yana da irin waɗannan littattafan. Ni kuma na tambaye ta yadda ake jera kalmomin a ƙamus. Ta ce nan wahalar take, don a wannan harshe, farkon kalma ne yake canzawa, gwargwadon abin da ya gabace ta. Har yau ban ga yadda za a yi wa irin wannan harshe fayil ba.

"Me suka rubuta?" in ji Lado.

"Waƙoƙi, da dokoki, da labarai. Ni ɓangarena labaran satar shanu ne."

Lado ba ya zancen abin da ya raba shi da ƙauyensu. A wurin Bawah na ji. Ɓarayi ne suka kore garken mahaifinsa gaba ɗaya, tsohon kuma bai daɗe ba bayan haka. Raliya tana goye a lokacin.

"Ana ba da digiri a kan satar shanu?"

"Baba, su a wurinsu labarin jarumta ne."

"Wa ya yi jarumtar? Wanda ya kora, ko wanda aka kora wa?"

"Yawanci wanda ya kora."

"Fatar da suka yi rubutun a kai, ta maraƙin wa ce?"

Ta ce ba ta sani ba. Ya ce zai kira ta, ya kashe wayar.

Daga nan ya shiga tambayar mutane. Bayan Juma'a ya tsayar da wani malami ɗan Sakkwato da muke salla tare. Malamin ya tambaya ko akwai sihiri a ciki. Lado ya juyo ya dube ni, na ce ban gani ba. Malamin ya ce koyon harshe ba laifi ba ne, sannan ya ƙara da cewa, "Amma me ya sa wannan?" Lado ya ce abin da ya zo tambaya ke nan.

Bawah, wanda a Hausarsu ta Zongo mace da namiji duk "ya" ne, bai ga abin damuwa ba.

"Sarkin Dankali, ka bar yarinya ya tafi, khalas, shi ke nan. Bature ya ce zai biya, kai mene ne naka?"

"In ta dawo ta yi aikin me?"

"Ya koya wa ɓarayi tarihi."

Lado bai yi dariya ba. A makon nan ya wuce mahaɗar da yake bi kullum, ya kai ma'aikata wata ƙofar da ba tasu ba, har mai kula da wurin ya kira ofis. Lado ya ce mini yana tuƙi yana ƙoƙarin hango mutanen: Kiristoci, malamai, a cikin sanyi, suna zaune suna rubuta yadda aka kore shanun wani. Ya kasa gane ko yabo suke yi ko shaida suke bari.

Ana gobe wa'adin zai cika ya dawo ofishina, ya ce in zauna in ji, ya kira ta.

"Raliya, ke me kike nema a ciki?"

Ta ce, "Baba, ni ma ban gama sani ba. Na karanta wasu, na ga an kawo sunan masu korar, an yabi dawakinsu da masunsu. Masu kiwon kuwa da ƙyar ake ambatonsu. Na kasa wuce wurin."

"In kin je za ki same su?"

"Ban sani ba. Wataƙila ba a rubuta su ba sam."

"Wato za ki tafi neman abin da mai yiwuwa babu shi, da harshen da babu mai jin sa."

"E, Baba."

Ya shafa gemunsa, ya dubi ƙasa. "To, ki je. Allah ya tsare. Ba mamanki wayar."

Ya maimaita wa Ikilima, ya amsa gaisuwar ƙannen Raliya ɗaya bayan ɗaya, ya sa wayar a aljihu.

"Akawu, me na amince da shi?"

Na ce abin da zan iya shaida kawai shi ne ya ce ta je. A waje wani yana buga jikin motar yana cewa yalla, a tafi, Lado ya tashi ya fita.

Raliya tana can yanzu. In aka tambayi Lado me take karantawa, sai ya ce tana Ailan. In mutum ya matsa, sai ya turo shi ofishina, ya ce ni na karanta takardar.