Sifikar da Ke Amsawa a Rufaffen Ɗaki

Ran kasuwar Goronyo, wani dattijo yana tsaye gaban rumfar Zayyanu mai sayar da sifikoki, an ba shi benci ya ƙi zama. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, lakar fadama ta bushe a ƙafarsa, rigarsa sai warin albasa. A hankali yake kwance wani tsohon kallabi, kamar mai tsoron tada wani daga barci. Sifika biyu ce a ciki, irin marasa igiyar nan da ake haɗawa, ka kunna ɗaya a zaure ɗayar ta amsa a cikin gida.

"Mi as same su, Baba?" in ji Zayyanu.

"Lahiyassu lau. Raba min su za ka yi. In na kunna karatu zaure, wagga sai ta ɗauka ɗakinta. Ɗakin kau ruhe shike tun bayan Sallah."

Zayyanu bai tambayi ɗakin wa ba, kallabin ya gaya masa. Ji yake kamar yana ganin gidan. Wataƙila da can rediyo ɗaya ne, tabarma ɗaya, ana saurare ana gardama. Da sifikokin suka zo, sai kowa ya zauna inda yake, murya ɗaya, bango a tsakani.

Ya kai yatsa zai danna maɓallin, sai dattijon ya riƙe masa hannu.

"Bari dai, yaro. In ka raba su, ɗakin shiru za shi yi."

Ya sake naɗe su tare, ya ɗaure kallabin.