Farin Bangon Yaya

Ko yau in aka jiƙa farar ƙasa a bokiti, warinta ya bugi hancina, sai hannuna ya tafi ƙeyata da kansa. Akwai tabo a wurin, gashi bai sake fitowa ba. Jikokina suna tsammanin faɗuwa na yi daga mota, ni kuma na bar su a haka. Amma kai bari in gaya maka gaskiya: bango ne ya ba ni tabon, hannun yayana kuma shi ya kai ni.

A unguwar Nima na tashi, a shekarun da Gana ta karɓi 'yancin kai, cikin wani gidan haya na laka mai rufin kwano, kusa da babbar kwata. Gidan ya tara Dagomba da Mosi da Zabarmawa, kowa na yin Hausa yadda harshensa ya ba shi. Baba mutumin ƙasar Maraɗi ne, fataucin goro ya kawo shi ya zauna. Ɗaki biyu ya kama, ɗaya shi da Mma, ɗaya ni da Yaya. Ɗakin namu in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa, amma mun mai da shi filin daga.

Yaya mutum ne mai son fari kamar ciwo. Wanki da guga yake koyo wurin wani mai yi wa ma'aikatan gwamnati, kuma abin ya shiga jininsa. Takalminsa fari, hularsa fara, bango ma so yake ya gan shi fes, ba ɗigo, sai ƙusa guda inda yake rataye farar rigarsa mai sitaci. Ni kuwa farin bango tsoro yake ba ni, gani nake kamar likkafani. Hotuna nake so. Matar da ke sayar da dokunu, wato tuwon masarar Gana, a bakin layinmu da tsohuwar jarida take naɗe soyayyen kifi, ni kuma in cinye kifin in yanke hoton. 'Yan dambe, 'yan ƙwallo, jiragen ruwa, motoci, duk da maiƙonsu da ƙarninsu. Sai in dama sitacin rogo in manna su a bango, wani kan wani.

Yaya zai dawo ya ɓanɓare, ni in sake mannawa. Daga nan sai hannu. Ba irin faɗan yara na ture-ture ba, a'a, faɗa ne na gaske. Ya girme ni, hannunsa ya saba da dutsen guga, in ya sakar mini naushi a ciki sai numfashi ya ɗauke. Ni kuma haƙori ne makamina. Na taɓa cizonsa a dantse har na ji gishirin jini a bakina, shi ma ya taɓa fasa mini leɓe da kwalbar fitila. Wata tsohuwa Bamosa da ke ɗakin kusa takan buga bango tana cewa, "Yara nan biyu, wata rana ɗaya zai kashe ɗan'uwa shi." Baba ya dawo ya haɗa mu ya zane da dorina har bayanmu ya yi rudu-rudu, mu kwanta rub da ciki muna hararar juna.

Da dorina ta gaza, sai Baba ya zo da gwangwanin kwalta. Ya ja baƙin layi daga bakin ƙofa, ya bi ƙasa, ya hau bango har rufi. Dama ta Yaya, hagu tawa, kowa ya yi abin da ya ga dama a gefensa. Sannan ya tsaya a kan layin, ya yi maganar da ta sa Mma ta saki ludayi a tsakar gida.

"Wallahi tallahi, in jini ya sake zuba a ɗakin nan, wanda ya zubar da shi zai bi motar goro zuwa Maraɗi wurin kawunku. Ba zai sake kwana a gidana ba."

Mun san Baba. Mutum ne da in ya ce ruwa ba zai sha ba, ko ƙishi zai kashe shi ba zai sha ba. Maraɗi kuwa a wurinmu bangon duniya ce, wanda ya tafi can sai labari. Don haka muka yi laƙwas. Ni na cika gefena da hotuna har ba a ganin laka, shi ya shafe nasa da farar ƙasa yana ƙyalli. Wanda ya leƙo ɗakin sai ya yi dariya, ya ce rabi masallaci rabi gidan silima.

Abin da Baba bai lissafa ba shi ne kyankyaso bai san layin kwalta ba. Damina ta sauka, kwata ta cika ta batse, laka ta jiƙe, hotunana suka kumbura. Sitaci da maiƙon kifi kuwa ai walima ce. Kyankyasai suka yi gari a bayan 'yan dambena, suka hayayyafa. Yaya ya yi ta mita, ni ina ce masa na kwata ne, ba nawa ba. Har yau ban gama yarda cewa duka nawa ne ba.

Ana jajibirin babbar Sallah, da hantsi, Baba ya tafi kasuwa, Mma ta tafi niƙa. Yaya ya jiƙa farar ƙasa zai sake shafe gefensa, ya sauke farar rigarsa daga ƙusa don kada ta ɓaci. Rigar da ya yi wata da watanni yana tanadi don idi. Da ya ɗaga ta a haske, sai ga wuyanta da ƙirjinta an gaigaye, huda-huda kamar rariya. Kyankyasai sun bi sitacin sun ci har da zaren.

Ya tsallake layin, ya sa farce biyar-biyar ya fara yage bangona. Kyankyasai suna zubowa suna gudu, 'yan dambena suna faɗuwa a yayyage. Na yi tsalle na ɗare bayansa na kafa masa haƙori a kunne. Ya juyo ya maka ni da ƙasa, muka yi ta birgima, bokitin ya kife, farar ƙasa ta shiga mini ido tana ci kamar barkono. Na laluba na sami burushi na kwaɗa masa a hanci. Sai ya cafki wuyana da hannu biyu ya ɗaga ni, ya buga ƙeyata da bango. Ya sake bugawa. Na ji wani abu ya yi ƙara a cikin kaina, ɗumi ya gangaro mini ta wuya.

Shi ya fara ganin jinin. Ya sake ni. A tsakiyar farin bangonsa ga shi nan ja wur, faɗin tafin hannu, yana tsiyaya. A lokacin fushina ya tafi gaba ɗaya, tsoro ya maye gurbinsa, domin duk haukana ban taɓa son ɗakin nan ba Yaya ba. Ya yage hannun farar rigar ya ɗaure mini kai, ya kifa mini hularsa. Muka kwashe sauran farar ƙasar daga ƙasa muka shafa a wurin. Ta bushe, jinin ya huda ya fito. Muka ƙara, ya sake fitowa, launin ruwan goro. Laka ta riga ta sha.

Ni na kawo dabarar. Hoto guda ya tsira, wani ɗan dambe ya ɗaga hannu biyu. Na ce mu manna shi a kai. Yaya ya dubi hoton, ya dubi bangonsa, sannan ya karɓi sitacin da hannunsa ya shafa.

Da la'asar Baba ya leƙo. Ya dubi gefena a yayyage. Idonsa ya sauka a gefen Yaya ya tsaya.

"Kai, tun yaushe ka fara son hoto?"

Ya sa yatsa biyu ya ɗaga takardar. Sannan ya juyo ya cire mini hula. Na rantse masa zamewa na yi, ya ce bai tambaye ni ba. Yaya kuwa ya sunkuyar da kai ya ce shi ne.

Mma ta yi kuka har muryarta ta dushe. Limamin unguwa ya zo ya ce rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai ko ya yi azumi, yaro ya zauna. Baba ya ce ya ji, amma in ya janye yau, gobe gawa zai ɗauka daga ɗakin. Na ji haushinsa shekaru da yawa. Sai da na haifi maza na gane shi ma tsoro ne ya cika shi.

Bayan Sallah motar goro ta tashi. Da safen, kafin Yaya ya ɗauki ƙunshinsa, na ji bugun dutse a ɗaki. Na shiga na tarar ya goge sitacin daga bayan ɗan damben, ya kafe shi a kan tabon da ƙananan ƙusoshi, a gefensa.

"Ka riƙa sa ƙusa," ya ce. "Sitaci na kiran kyankyaso."

Iyakar sallamarmu ke nan. Bai dawo ba. Ya yi aure can, ya yi sana'arsa, zazzaɓi ya ɗauke shi tun ban tara ƙarfin zuwa ba. Ɗaki ya zama nawa ni kaɗai, bango huɗu, ba mai hana ni, amma ban taɓa iya tsallake layin da takarda ba.

Har yau muna gidan, sai dai yanzu na siminti ne, jikokina biyu ke kwana a ɗakin. Su ba sa faɗa a kan bango, kowa hotunansa na cikin wayarsa, ya juya wa ɗan'uwansa baya. Sun yi wa gefen hagu shuɗin fenti, sun so su haɗa da na dama na hana. Duk jajibirin Sallah ni ke jiƙa farar ƙasa in shafe shi da hannuna. Suna dariya, suna cewa Kaka dai akwai son fari. Ba su sani ba ni har gobe ba na sonsa.