Akwai Mai Aiki a Gidan Nan?

Cikin duk shekarun da na yi a ofishin ƙididdiga, ranar da ta ƙi barin raina ita ce ranar da na rataya itacen Inna Dije a sikeli a Rigasa. Tunda ku kuka gaje mu, kuma kullum kuna tambayata yadda aikin yake a da, bari in ba ku wannan, ko da yake ba labarin da zai ƙara mini daraja a idonku ba ne.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin soja. Ina ƙaramin malamin ƙididdiga, wato mai bi gida-gida da fom. Firamare kaɗai na gama. Da masinja na shiga ofis, kyawun rubutuna ya sa aka ɗaga ni. Turancina bai wuce na gaisuwa da cika fom ba, amma ban taɓa yarda wani ya gane haka ba.

Sai aka turo mana wani aiki daga sama. Ana so a gwada unguwannin da ke arewacin kogin Kaduna da juna. A kowane gida za mu rubuta abin da ake ƙonawa a rana, itace ne ko gawayi ko kananzir, da inda ake girki, a ɗaki ko a fili, da yawan masu aiki a gidan. Daga nauyin itacen masana za su lissafa hayaƙin. Sannan su haɗa da abin da gwamnati ke kashewa unguwar ta wajen asibiti da tallafi, su ga wace unguwa ce wutarta ke haifar da aiki, wace ce kuma ke ƙona itace a banza. An gaya mana tun farko cewa akwai wasu murahu na laka masu bututu, masu fitar da hayaƙi ta sama, da za a gina wa masu sana'ar wuta a gida. Ba su da yawa, don haka sakamakonmu ne zai nuna inda za a kai su.

Kwana biyu aka yi ana koya mana, duk da Turanci. Na yi ta gyaɗa kai. Aka ba kowa sikelin rataye mai ƙugiya, da damin fom, da wani littafin bayani mai kauri. Sikelin na ɗaura a bayan keke, littafin kuwa na jefa shi a durowa. Aka ba ni wata shiyya ta Rigasa.

Tambaya ta bakwai ita ce ta masu aiki. Na ga kalma ɗaya da na sani a ciki, sai na fassara wa kaina: "Akwai mai aiki a gidan nan?" To, a Kaduna ta wancan lokaci, in aka ce wane yana aiki, masaƙa ake nufi, ko reluwe, ko ma'aikatar gwamnati. Mai albashi ke nan. Tela ba zai ce maka yana aiki ba, sana'a yake yi. Kuma a zaure nake tsayawa, maigida nake tambaya.

Ranar da nake faɗa muku Laraba ce, da hantsi. Na yi sallama a gidan wani malamin allo, Malam Hadi, na same shi a zaure yana jan tawada. Muka gaisa, na karanta masa tambayoyi har muka zo ta bakwai.

"Allah gafarta Malam, akwai mai aiki a gidan nan?"

Ya ce, "Aiki? Wa zai ba mu aiki, malam? Mu dai ga karatu nan muna fama."

Na zana sifili. Na ce a fito mini da itacen da ake ƙonawa a rana in auna. Ya yi dariya, ya ce, "Wannan kam sai dai ka shiga da kanka. Mahaifiyata ce, ba ruwanta da kulle."

Ina shiga hayaƙi ya tare ni. A wata rumfa da aka kewaye da langa-langa, ga rabin ganga guda uku a kan wuta, kalwa na tafasa. Daddawa ake yi. Wanda ya san daddawa ya san ba girkin awa ɗaya ba ne, wuni ake yi ana iza wuta kafin kalwa ta yi laushi. Ga wata tsohuwa gajera tana juyawa da muciya, idanunta jawur, tana share hawaye da gefen zane. Ita ce Inna Dije.

Ta dube ni, ta dubi ƙugiyar hannuna. "Wannan kuma wane ne? Mahauci?"

Na ce, "A'a Inna, gwamnati ce ta aiko a auna itacenki."

"Itacena? Ita gwamnatin ba ta da aikin yi ne? To ni ina da shi, matsa mini, ɗan nan."

Na yi dariya. Da bakinta ta faɗa, da kunnena na ji, amma ban koma kan tambaya ta bakwai ba. Sau da yawa na ɗaura itace na rataya kafin in gama, har kafaɗata ta yi tsami. Da zan fita ta ƙunsa mini daddawa a takarda, ta ce in kai wa matata ta ji yadda ta gaskiya take. Na cusa ta cikin jakar fom.

Haka na yi ta yi har mako uku. Gidan masu ƙuli-ƙuli, gidan masu waina, gidan masu man gyaɗa: itace tuli, masu aiki sifili.

Da muka zo tattara takardu a ofis, wata abokiyar aikina, Madam Rifkatu, wadda ta yi Unguwar Kanawa, ta ɗauki nawa tana dubawa. Ta fi ni karatu nesa ba kusa ba, amma mutuniyar kirki ce. Ta ɗago kai.

"Malam Isa, mutanen Rigasa iska suke ci?"

Na ce me ta gani. Ta buɗe littafin bayanin nan, ta ɗora yatsa a wani shafi, ta fassara mini a hankali yadda wani ba zai ji ba. Duk abin da mutum ke yi yana samun na abinci, aiki ne. Na waje da na cikin gida, na namiji da na mace, har da karantarwa. Ita ba ta taɓa cewa "aiki" ba. Cewa take, "Me kuke taɓawa a gidan nan?" Kuma har tsakar gida take shiga.

Ta shinshina takarda ɗaya, ta ce, "Ji fa, fom ɗin nan ma ƙamshin daddawa yake yi. Mu je mu gaya wa oga ya ƙara maka mako biyu. Zan raka ka, matan za su sake da ni."

A nan ne kuskure ya koma laifi. Har zuwa wannan lokaci rashin sani ne, daga nan kuwa da sanina. Sunana yana cikin waɗanda ake duba wa ƙarin girma a shekarar. Na hango kaina tsaye gaban oga ina cewa ban iya karanta littafin ba, asirin masinjan jiya ya tonu. Na karɓe takarduna, na ce, "Madam, abin da suka faɗa na rubuta."

A taron miƙa aiki, shugabanmu, Malam Garba, ya daɗe yana kallon nawa. Ya ce, "Isa, itace haka, ba mai aiki? Ka tabbata?"

"Ranka ya daɗe, da kunnena na ji."

Ban yi ƙarya ba, kuma ƙarya na yi. Madam Rifkatu ta dube ni sau ɗaya, ta mai da ido kan teburinta. Ba ta tona ni ba, har ta bar aiki ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Sakamako ya fito bayan wasu watanni. Shiyyar da na yi ita ce a ƙasa: ta fi kowa ƙona itace, ta fi kowa hayaƙi, ba ta fitar da komai. Murahun nan aka kai su inda takarda ta nuna akwai masu sana'a. Rigasa kuwa abin da ta samu mota ce mai lasifika, tana zagaya lungu tana gaya wa mata su daina almubazzaranci da itace. Ni kuma na samu ƙarin girmana.

Sai a farkon shekarun casa'in wani aikin ƙidayar famfuna ya sake kai ni layin su Inna Dije. Na wuce ƙofar gidan sau biyu kafin in yi sallama. Malam Hadi ya shigar da ni. Gangunan nan uku suna kife a jikin katanga, kaji na hawa. Inna Dije na zaune a tabarma, fuskarta na fuskantar inda ba kowa. Malam ya ce mini idon ne ya tafi, shekara biyu ke nan. A asibiti sun ce hayaƙi ya taimaka.

Ba zan ce muku da an gina mata murhun da idonta bai tafi ba. Wannan sanin Allah ne. Abin da na sani shi ne, da na gyara takardata, da Inna tana cikin na farko da za a duba, don ban auna itacen da ya kai nata ba a duk shiyyar.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce ni ne wanda ya taɓa zuwa auna itace.

"Mahauci! Ka zo da ƙugiyar?"

"A'a, Inna."

"Gara da ba ka wahalar da kanka ba. Babu abin ratayawa."

Sai na gaya mata duka, tun daga tambayar har murahun da aka kai wani wuri. Na ce ta yafe mini. Malam Hadi ya sunkuyar da kai, ya ce ai shi ma da bakinsa ya ce babu. Na ce a'a, shi amsar abin da na tambaya ya ba ni.

Ita kuwa ta ce, "Tsaya. Me ka rubuta a kaina?"

"Na rubuta ba mai aiki a gidan."

Ta yi wata 'yar dariya. "Ashe kai ka turo mana motar nan mai ihu. To, je ka, na yafe. Kada ma ka goge takardar, ɗan nan. Yanzu ta zama gaskiya."

Na tashi zan fita, ta kira ni. "Daddawar fa? Matarka ta ce me?"

Na ce, "Ta ce ba ta taɓa cin irinta ba." Wannan kam gaskiya na faɗa.

Ku yanzu na'ura kuke riƙewa, ba sikeli ba, kuma duk kun fi ni karatu. Amma manyan da ke jera unguwanni daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe ba sa zuwa Rigasa. Abin da kuka ji a bakin ƙofa shi suke ɗorawa a kai, kuma mutanenmu abin da aka tambaye su kawai suke amsawa. Saboda haka, kafin ku fita, ku faɗi kowace tambaya da Hausa, ku saurari yadda za ta shiga kunnen mai gida. In kuma akwai shafin da ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba. Ni kunyar rabin awa na guje wa a ofishin Malam Garba, ga shi na haura shekara talatin ba na iya jin ƙamshin daddawa a miya ban ajiye cokali ba.