Malam Munzali, Mai Sauraron Zuciyar Kare

Kullum da safe, kafin a taɓa wuƙa ko allura a asibitin dabbobi na Rano, Malam Munzali zai durƙusa, ya ɗora robar nan ta likitoci a haƙarƙarin kare, ido a kan agogo, yana ƙirga bugun zuciya. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Watan gobe zai ajiye aiki.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a wasu suka sa shi a baki, wai mai gemu guda yana rungumar kare. Ya ce, "Wanda ya yi ni shi ya yi shi." Ya wanke hannu, ya shiga sahun gaba.

Ni Ramalan na Zurgu ban taɓa zama a aji ba, amma babu dutsen da bai san ƙafata ba daga nan har Kibiya. Gwaggon biri ya yage mini kafaɗa, kububuwa ta sare ni sau biyu, ga ni daram. Wata rana na kai wa Malam Munzali karena Gagarau, ƙayar beguwa ta karye masa a cinya, sai an tsaga. Shi kaɗai ya rage mini, shi ne idona a dawa tun da nawa suka raunana.

Malam Munzali ya daɗe yana sauraron zuciyarsa, sannan ya ɗago. "Baba, me ka ba shi?"

"Abin da ubana yake ba nasa. Goro da garin taba a kunu, don ya jure wuƙa."

"To yau babu allurar barci. In ya kwanta ba zai tashi ba."

Na ce, "Kai yaro, zuciyar karena ta fi taka ƙwari!"

Ya yi dariya, ya cusa mini robar a kunne. "Kai da ka san kiɗan farauta, ji mini wannan makaɗin."

Na ji. Ya buga uku ya tsallake ɗaya, ya ruga, ya tsaya. Wallahi a gaban dabarmu ta mafarauta da an ƙwace gangar.

Kwana huɗu babu goro babu taba. Ya sake sa mini robar, kiɗa ya zauna daidai. Aka tsaga, aka ɗinke. Rani biyar Gagarau ya ƙara yana gabana.

Malam Munzali, kai ne ka fara tambayar zuciya kafin ka tambayi wuƙa. Allah ya saka maka, ya sa ka huta lafiya. Ku masu shigowa aikin, ku koyi durƙuso irin nasa.

Ni kuwa, shekara tamanin ban taɓa ce wa ɗan Adam ya fi ni sanin kare ba. Yau na faɗa, a rubuta.