Zanen Yatsan Babanta

Mijina direba ne a wani gida a Maitama. Duk abin da 'ya'yan oga suka gaji da shi, ɗakinmu na Kurudu yake ƙarewa. Haka wata rana ya shigo da kwalin lakar wasa, mai launi-launin nan da ba ta bushewa. Na yi ta masifa, na ce wannan tarkace a jikin tabarmata zai ƙare. Ai kuwa.

'Yarmu tana shekara shida lokacin. Ta dinga murza lakar tana yin duwatsun wuya, ta huda da tsinken tsintsiya, ta zura zare. Na tsakiya ta yi shi babba, shuɗi, ta kai wa babanta ya danna mata ya yi faɗi. Ya danna da babban yatsan hagu, hannun dama yana cikin tuwo. Zanen yatsansa ya fito raɗau.

Bayan kwana tara ya rasu a hatsarin mota.

Na shiga takaba, ba ɗan kunne ba awarwaro. Yarinyar ta ajiye min sarƙar a gwangwanin madara, wai sai ranar fitata. Kullum sai ta buɗe ta shafa shuɗin, zanen yana ƙara gogewa. Ina gani, ban hana ba. A watannin nan ba na jin komai, abinci ma kamar auduga nake tauna.

Surukata ta zo daga Ushafa ta zauna da mu. Maginiyar tukwane ce tun tana budurwa. Ta ɗora dutsen a tafin hannunta ta daɗe tana kallo.

"Wannan hannun ɗana ne," ta ce. "Laka in ba ta ga wuta ba, ba ta daɗewa."

Da hantsi, yarinyar tana makaranta, ta tara kara da ciyawa a bayan ɗaki, ta shimfiɗa sarƙar a tsakiya kamar yadda take yi wa tukwanenta, har da bismillah. Ina zaune a bakin ƙofa. Na san ba yumɓu ba ne, na taɓa ganin guntun lakar ya narke a gefen risho. Ni da duk layinmu ya san bakina, "Mama, bari" kawai zan ce. Wallahi bai fito ba. Na yi ta kallo kamar a gidan wasu ake yi.

Warin roba ya tashi. Ta tona tokar da sanda, ta sake tonawa, ba komai sai wani baƙin danƙo. Tsohuwa ta zauna daɓas ta ɗora hannu a ka.

Da yarinyar ta dawo na faɗa mata abin da ya faru. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko ragowar shuɗin a kwali ta murza, ta tsaya tana duban inda babanta yake zama ya ci tuwo. Can ta miƙo min. Na danna.

Ta kai shi bakin ƙofa ta duba da kyau.

"Umma, naki ƙarami ne."

Na ce na sani.